Jeranta Aikatau a Jimlar Turanci da Matsalolin Ɗalibi Bahaushe



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani ɗan ƙaramin lungu na nahawun Turanci, watau abin da ke faruwa idan aikatau biyu ko fiye suka jeru a cikin jimla ɗaya, mahaɗin nan and yana tsakaninsu. Wanda ya ji wannan batu yana iya ɗauka cewa ba shi da wani nauyi. Amma duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawa, da duk magatakardan da ya taɓa gyara wasiƙar da za a kai wa shugabansa ya sa hannu, ya san cewa a nan ne ƙafar masu ilimi da yawa take zamewa. Za a nuna cewa kuskuren ba na rashin basira ba ne. Asalinsa shi ne Hausa tana da tata ƙa'ida mai tsari, ita ce kuwa ɗalibi yake bi ba tare da ya sani ba. Za a kuma nuna cewa harafi biyu kacal a ƙarshen aikatau suna iya mai da alkawari ya zama labari.

Dalilin da ya sa batun ya shafi wannan yanki

Tun da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, aka kuma yi bikin buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Turanci ya zama tsanin shiga aikin gwamnati a Arewa. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ta ƙara ɗaure masa gindi, har ya zama ɗalibin da bai sami kyakkyawan sakamako a Turanci ba ƙofar jami'a takan rufe masa. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da yaran ƙauyuka makaranta fiye da yadda aka taɓa gani. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 55, ya sa Turanci a gaba wajen gudanar da aikin Majalisar Ƙasa.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san nauyin takarda fiye da wasu. A tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka tsara noman rani a fili mai faɗin kimanin hekta 23,000. An karɓi gonaki, ruwa ya ci wasu, aka yi ta jayayya a kan diyya da sake rabon ƙasa. Rikicin ya kai matuƙa a ranar 28 ga Afrilu, 1980, sa'ad da 'yan sanda suka far wa manoman da suka tare hanyoyin aikin, aka yi asarar rayuka a Birnin Tudu da kewayenta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ambaci ɗaruruwa. Babu mai cewa nahawu ne ya jawo wannan masifa. Dalilanta na ƙasa ne da haƙƙi da mulki. Abin lura kawai shi ne, manomin da aka auna gonarsa da Hausa yake magana, takardun hukuma kuwa da Turanci ake rubuta su, tsakaninsu akwai ɗan boko mai rubutawa da fassarawa. Yawancin masu sauraron wannan lacca su ne za su zauna a wannan kujera ta tsakiya, ko suna kanta ma a yanzu.

Yadda Hausa take jeranta aikatau

Abu na farko shi ne Hausa ba ta haɗa aikatau da aikatau da mahaɗin “da”. Ana cewa “Audu da Bala”, ana cewa “gero da dawa”, amma ba a cewa “ya tashi da ya tafi” da nufin ayyuka biyu a jere. Abin da Hausa take yi shi ne ta ba kowane aikatau nasa lamirin suna:

1. Sun shuka sun girbe.
2. Suna ci suna sha.
3. Suka tashi suka tafi.

Shi kansa aikatau ba ya sauya siffa saboda mai aikin ko saboda adadinsa. “Tafi” ɗaya ce, ko mutum ɗaya ne ko dubu. Lamirin da ke gabansa shi yake ɗauke da nauyin jinsi da adadi da lokaci. Haka abin yake a karin harshen wannan yanki, inda ake jin “sunka tashi sunka tafi” da “yat tashi yat tafi” da “ina so shi zo shi gani”. Lafazi ya bambanta da na Kano, ginin jimla bai bambanta ba.

Akwai wurare uku da ya kamata a tsaya a kansu, domin su ne mabuɗin dukan bayanin da zai biyo baya:

4. Za su je su gani.
5. Sukan je su gani.
6. Ba su je sun gani ba.

A misali na 4 da na 5, alamar lokaci, watau “za” da “kan”, sau ɗaya ta fito, a kan aikatau na farko. Na biyu ya zo da lamiri mara nauyi, “su”, yana cin albarkacin na gabansa. A misali na 6 kuwa abin ya juya: an kore aikin duka, amma aikatau na biyu ya riƙe lamirin shuɗaɗɗen lokaci, “sun”, kamar dai aikin ya auku. Masana irin su M. K. M. Galadanci a littafinsa na 1976, da Dauda Bagari a Bayanin Hausa na 1986, da Paul Newman a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, sun shimfiɗa tsarin lokutan Hausa ga mai son zurfafawa.

Yadda Turanci yake yi

Turanci ya bi wata hanya dabam. Ba ya maimaita mai aiki. Sau ɗaya yake ambatonsa, sa'an nan ya jero aikatau da and. Nauyin lokaci da adadi kuma a jikin aikatau yake, ko a jikin mataimakin aikatau. Ƙa'idar guda ce: abubuwan da and ya haɗa lalle su zama tsara, masu siffa iri ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya. Idan babu mataimaki, kowane aikatau zai ɗauki alamarsa:

7. The farmer plants rice and sells it.
8. The farmer planted rice and sold it.

Idan akwai mataimaki irin will, shall, can, must, ko did, to shi ya kwashe alamar lokaci gaba ɗaya, duk aikatau da ya biyo bayansa zai zo tsurarsa, ba ƙari ba ragi:

9. The farmer will plant rice and sell it.
10. The farmer did not plant rice and sell it.

Haka nan idan kalmar to ta gabaci aikatau na farko, ikonta yana kaiwa ga na biyu ko da ba a sake rubuta ta ba:

11. The farmer wants to plant rice and sell it.

A wannan jimla wants kaɗai ke da harafin s, domin shi ne yake jituwa da mai aiki. Plant da sell duka suna ƙarƙashin to.

Tarihi ya bayyana dalilin da ya sa ƙa'idar take da wuyar gani. Tsohon Turanci, wanda ake yi kafin Normawa su ci Ingila a 1066, yana da ɗafe-ɗafe masu yawa. Tsuran aikatau yana ƙarewa da an, jam'i yana da nasa ɗafi, tilo yana da nasa. Sannu a hankali waɗannan suka zube. Shi kansa s na mutum na uku daga karin harshen arewacin Ingila ya fito, ya ture eth na kudu. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ana amfani da su duka biyu. Sakamakon zubewar nan shi ne a yau kalma ɗaya, kamar sell, tana iya zama tsuran aikatau, tana iya zama ta jam'i a lokaci mai ci, tana iya zama umurni. Ido ba ya rarrabe su, sai an duba wanda yake mulkinsu a jimla.

Inda harsunan biyu suka yi karo

Idan aka ɗora misalan Hausa a kan na Turanci, za a ga inda kowane kuskure ya samo asali.

A lokaci mai zuwa harsunan sun yi daidai. “Za su je su gani” da they will go and see gini ɗaya ne: alama a farko, aikatau na biyu mara nauyi. Shi ya sa ɗalibai ba su cika yin kuskure a nan ba.

A lokaci na sabo kuwa sun saɓa. Hausa ta ce “yakan je ya gani”, ta sauke wa na biyu kaya. Kunnen Bahaushe ya saba da haka, saboda haka sai ya rubuta:

12. He goes to the market and buy onions.

Ya sa s a farko, ya ga ya biya bashi. Turanci kuwa yana bin sa wani s ɗin, domin goes da buys tsara ne, babu mataimakin da ya ɗauke musu nauyi.

A korewa saɓanin ya juya baya. Hausa ta ce “ba su je sun gani ba”, ta bar wa na biyu alamar abin da ya shuɗe. Sai ɗalibi ya rubuta:

13. They did not go and saw the officer.

Abin da yake nufi shi ne did not go and see. Abin da ya rubuta kuwa, idan yana da ma'ana, shi ne ba su je ba, amma sun ga jami'in. Watau inda Hausa ta sauƙaƙa wa aikatau na biyu, Turanci ya ɗora masa. Inda Hausa ta ɗora masa, Turanci ya sauƙaƙa. Ɗalibin da ya yi waɗannan kura-kurai biyu ba da ka yake yi ba, ƙa'ida yake bi, sai dai ƙa'idar wani harshe ce.

A lokaci mai ci Hausa tana maimaita “suna”, Turanci yana ambaton are sau ɗaya amma yana maimaita ing: they are eating and drinking. Mai koyo yakan manta da ing na biyu.

Akwai kuma ruɗanin harafin s kansa. A jikin suna jam'i yake nunawa, a jikin aikatau tilo. Yaron da aka koya wa cewa s alamar yawa ce zai ga ya dace ya rubuta the farmers plants, ya kuma cire shi a the farmer plant. Daɗin daɗawa, “da” na Hausa yana aikin and, yana aikin with. “Shugaba da kansilolinsa sun iso” jam'i ne a Hausa ko ta yaya. A Turanci the chairman and his councillors have arrived jam'i ne, amma the chairman, together with his councillors, has arrived tilo ne, domin together with da as well as ba su ƙara yawan mai aiki.

Sa'ad da kuskure ya zama wata ma'ana

Kuskuren da ya fi haɗari ba shi ne wanda yake ɓata jimla ba, domin wannan kowa zai gani ya gyara. Mai haɗari shi ne wanda yake haifar da jimla lafiyayya mai wata ma'ana dabam. Misalan da ke tafe ba daga wani fayil aka ciro su ba, an gina su ne domin bayani, amma duk wanda ya yi aikin ofis zai gane irinsu:

14. The committee agreed to measure the farms and pay the owners.
15. The committee agreed to measure the farms and paid the owners.

Jimla ta 14 ta ce kwamiti ya yarda zai auna gonaki ya biya masu su. Alkawari biyu ne, ba a cika ko ɗaya ba tukuna. Jimla ta 15 ta ce kwamiti ya yarda zai auna gonaki, kuma ya riga ya biya. A ta farko pay tsaran measure ne, a ta biyu paid tsaran agreed ne. Sakataren da ya rubuta paid yana nufin pay ya shigar da shaida a cikin rahoton taro cewa an biya mutanen da ba su karɓi ko kwabo ba. Bayan shekara goma, sa'ad da waɗanda suka halarci taron suka watse, takardar ce za ta yi magana.

16. The clerk failed to record the names and submit the list.
17. The clerk failed to record the names and submitted the list.

A ta 16 akawu bai rubuta sunaye ba, bai kuma miƙa takarda ba. A ta 17 bai rubuta sunayen ba, amma ya miƙa takardar a haka. Laifi biyu ne mabambanta, hukuncinsu ma ba zai zama ɗaya ba.

Aikatau irin see, hear, make da let suna jan tsuran aikatau ba tare da to ba, su ma suna da nasu tarko:

18. The driver saw the guard lock the store and leave.
19. The driver saw the guard lock the store and left.

A ta 18 mai gadi ne ya kulle sito ya tafi, direba yana kallo. A ta 19 direban ne ya tafi, mai gadi kuwa ba a faɗi inda yake ba. Idan kaya sun ɓace a daren, kuma wannan ce shaidar da aka rubuta, to makomar mai gadi tana rataye a kan leave da left.

Wani lokaci Turancin kansa ne yake da harshen damo, ko da marubuci bai yi kuskure ba. Aikatau irin shut, put, cut da set ba su sauya siffa a shuɗaɗɗen lokaci:

20. The operator refused to open the main gate and shut the small one.

Shin ya ƙi buɗe babbar ƙofar ruwa ya kuma ƙi rufe ƙaramar, ko kuwa ya ƙi buɗe babbar sa'an nan ya rufe ƙaramar? Jimlar ta ɗauki duka biyu. Ga manomin da ke jiran ruwa a ƙarshen magudana, bambancin ba ƙarami ba ne. Hausa ba ta faɗa wannan rami, domin lamiri yana tilasta wa mai magana ya zaɓa. Maganin abin a Turanci shi ne a yi koyi da Hausa: ko dai a maimaita to, a ce and to shut, ko a maimaita mai aiki, a ce and he shut.

Abubuwa biyu da suka fita daga ƙa'ida

Na farko shi ne try and, kamar a try and come early. A nan and ba ayyuka biyu ya haɗa ba, matsayin to ya tsaya. Turawa suna faɗinsa, H. W. Fowler ma ya yi magana a kansa a ƙamusunsa na 1926 bai haramta shi ba. Sai dai yana aiki ne kawai idan try yana tsurarsa; ba a cewa he tried and came da wannan ma'ana. A wasiƙar ofis try to ya fi aminci.

Na biyu shi ne to da ke cikin look forward to da with a view to, waɗanda ma'aikata ke yawan amfani da su. Wannan to ɗin harafi ne mai jan suna, saboda haka abin da zai bi shi sunan aiki ne mai ing, kuma duka biyun za su ɗauka: with a view to inspecting and repairing the canal.

Shawarwari

Ga ɗalibi da ma'aikaci, gwaji uku sun isa. Na ɗaya, duk inda aka ga and kafin aikatau, a koma baya a nemo tsaransa. Na biyu, a raba jimlar gida biyu, a maimaita duk abin da aka taƙaita. Wanda ya raba he wants to go and sees zai sami he wants to sees, kunnensa kuwa ba zai karɓa ba. Na uku, a juya jimlar zuwa Hausa, a ga ko lamirin da ya fito, “su” ne ko “sun”, shi ne abin da ake nufi.

Ga malamai, akwai wata dukiya da ba a cika taɓawa ba. Yaran wannan ƙasa da yawa sun zauna gaban malamin zaure sun karanta Ajurumiyya, wasu har Alfiyyar Ibn Malik, a ƙasar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu. A babin aɗafi an koya musu cewa abin da wawun ya haɗa yana bin na gabansa a i'irabi: idan “an” ta yi wa fi'ili na farko nasabi, na biyu ma nasabi ne, idan “lam” ta yi wa na farko jazmu, na biyu ma jazmu ne. Wannan ita ce ƙa'idar to da did not, ba ta da bambanci. Malamin Turancin da ya ce wa irin wannan ɗalibi did amili ne, aikinsa yana ƙetare and, ya gama darasin mako guda a cikin minti biyar.

Har ila yau, ya kamata malaman Hausa da na Turanci a makarantun sakandare, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da na Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a Talata Mafara a 2018, su riƙa zama tare suna tsara darussan kwatanta harsunan biyu. Jan layi da jar tawada a ƙarƙashin kuskure yana nuna wa ɗalibi inda ya faɗi, amma ba ya nuna masa inda ya yi tuntuɓe.

Kammalawa

An ga cewa Hausa tana ɗora nauyin jimla a kan lamiri tana maimaita shi, Turanci kuwa yana ɗora shi a kan aikatau ko mataimakinsa yana taƙaitawa. An ga cewa sun dace a lokaci mai zuwa, sun saɓa a lokaci na sabo da korewa, kuma daga wannan saɓani ne yawancin kura-kuran ɗalibai suke fitowa. An kuma ga cewa tsakanin pay da paid akwai haƙƙin mutane. Manomin Birnin Tudu da ya dangwala yatsa a kan takardar da ba ya iya karantawa ya ba da amana ne ga wanda ya rubuta ta. Wajibi ne a kan marubucin, kafin ya miƙa takarda a sa hannu, ya sake karanta kowace jimla mai and, ya tabbata abin da ta faɗa shi ne abin da ya auku.